Ganyen shinkafa ne ke cin taki?

Tambaya: Ina noman shinkafa a fangalan ban ruwa na kusa da Maga. Bara na dasa iri biyu, taki ɗaya na zuba musu. Mai faffaɗan ganye ta yi kore shar, kowa na yabawa, daga baya ta kwanta, rabi duk ƙaiƙayi. Mai tsayayyen ganye ita ta cika buhu. Shin ganye ne ke sa wata ta fi wata cin taki?

Amsa: Malam, saiwa ce ke shan taki. Aikin ganye shi ne ya haɗa naitirojin, wato sinadarin da ke cikin takin, da hasken rana ya mayar da su ƙwaya, kuma a nan surarsa take da tasiri.

Shiga gonar da tsakar rana ka tsuguna. A ƙarƙashin mai faffaɗan ganye lanƙwashe za ka tarar da duhu da danshi, ganyen ƙasa sun yi ɗorawa, domin na sama sun tare rana. A mai tsayayyen ganye kuwa haske na ratsawa har gindi, ganye da yawa na aiki lokaci guda. Ka ƙara wa ta farko yuriya, sai ta ƙara tsawo da ganye, kara ya yi laushi, iska ɗaya ta kwantar da ita.

Wannan sura gado ce. Irin IR8 da cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifins ta fitar a 1966 ya gaji ƙwayar halittar sd1, wadda ke rage sinadarin da ke miƙar da kara. Gajartar ce ta ba shi damar ɗaukar taki mai yawa ba tare da ya faɗi ba, kuma yawancin irin ban ruwa na yau sun gaje ta. Faɗin ganye kuma akwai wata mai suna NAL1 da ke da hannu a cikinsa. Kada dai a yanke wa faɗi hukunci: wani nau'in NAL1 da aka samo daga shinkafar gargajiya ta Indonesiya yana faɗaɗa ganyen ƙarshe, ya kuma ƙara yawan ƙwaya a zangarniya. Lanƙwashewa ce illa.

Shan takin kansa wasu ƙwayoyin halitta ne ke riƙe da shi. A 2015 masana a Sin suka nuna cewa bambancin NRT1.1B na cikin dalilan da suka sa shinkafar indika ta fi jafonika (manyan rukunoni biyu na shinkafar Asiya) jan naitaret, wato wani nau'in naitirojin da saiwa ke sha. A 2018 kuma aka gano abin da ba a cika faɗa wa manomi ba: gajartar nan ta sd1 tana danne GRF4, mai taimakon tsiro wajen jan naitirojin. Wato gajeren iri ya iya jure taki, amma bai iya tattalinsa ba.

A ganina, asararka mafi girma tana wajen zubawa. Yuriya naitirojin ɗinta kashi 46 cikin 100 ne, kuma idan aka watsa ta a kan ruwa, sau da yawa abin da shinkafa ke samu bai wuce kashi 30 zuwa 40 na wannan ba. Da yawa daga cikin saura kan bi iska, musamman a zafin kwarin Logon. Raba ta kashi biyu: lokacin da shinkafa ta fara 'ya'ya, sai kuma gab da ɗaukar ciki. Rage ruwan fangali kafin ka zuba, ka toshe mafita na 'yan kwanaki. Mai faffaɗan ganyen nan kuwa, in za ka sake dasa ta, ka rage mata taki, ka ƙara tazara tsakanin gindi da gindi.