Filin Tambaya da Amsa: Bindigar farko ta harbin takarda

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shiga ƙungiyar wasan harbi, wata huɗu ke nan ina aron bindigar ƙungiya. Yanzu lasisina ya fito, ina so in sayi tawa. Masu koyar da mu sun ce in nemi mai sakata, mai cin ƙaramin harsashin nan na rimfaya. Da na duba sai na ga .22 LR, na ga .17 HMR, na ga .22 WMR, kaina ya ɗaure. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba a jikinta? Takarda kawai zan riƙa harbi, a mita 50.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki .22 LR, hankalinka kwance. Duka ukun rimfaya ne, wato sinadarin da ke kunna albarushin yana cikin leɓen gindin kwanson ne, ba a tsakiya ba, allurar bindiga kuma leɓen take duka. Amma .22 WMR da kamfanin Winchester ya fitar a 1959, da .17 HMR da kamfanin Hornady ya fitar a 2002, don farauta aka yi su: sun fi gudu, sun fi ƙara, sun fi tsada. Shi kuwa .22 LR tun 1887 yake kasuwa, da shi ake gasar mita 50 a Olamfik, kuma shi ne kamfanoni irin su Eley, Lapua da RWS ke yi wa harsashin gasa. Ba ya shurin kafaɗa, saboda haka za ka ga kuskurenka da idonka maimakon ka runtse ido.

Dalilin da ya sa aka ce maka mai sakata shi ne, idan ka tura sakatar ka kulle, babu abin da ke motsi lokacin harbi sai allura. Sannan ɗana ta da hannu bayan kowane harbi yana hana ka garaje.

Farkon abin dubawa kunama ce. Nemi wadda ake iya rage mata nauyi, wadda ke sakewa tsaf ba tare da ta ja ƙafa ba. Kunama mai tauri tana sa yatsa ya janye bakin bindiga gefe kafin harsashi ya fita, ka yi ta ganin ramuka a dama ko hagu kana zargin bindiga. Kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishi sabon shiga. Ta 'yan gasa tana sauka har wajen giram 100, amma wannan ba taka ba ce tukuna, don taɓawa kaɗan take tashi. Idan aka rage maka nauyin, a gwada ta babu harsashi: a ɗana, a rufe sakatar da ƙarfi, a bubbuga gindin. In allura ta faɗi da kanta, an wuce gona da iri, a mayar.

Sai ƙota. Saka bindigar a kafaɗa ido rufe, ka kwantar da kumatu, sannan ka buɗe ido. In sai ka ɗaga kai ko ka miƙa wuya kafin ka ga saiti, ba ta zauna maka ba. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi yawanci santimita 34 zuwa 35 ne, wanda ya yi wa yaro ko gajeren mutum tsawo. Ƙotar da ake ɗaga mata matashin kumatu, ake ƙara ko rage mata tsawo, ta fi kyakkyawan katako amfani.

Bututu kuwa mutane na yawan ruɗewa a kansa. Tsawo ba ya ƙara daidaito. Albarushin .22 LR ɗan kaɗan ne, inci 16 zuwa 20 sun ishe shi. Dogon bututu yana da rana ne idan da saitin ƙarfe za ka yi harbi, saboda tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya tana rage kuskure. Kauri shi ne abin so, nauyinsa yana kwantar da rawar hannu. Zura takarda tsakanin bututun da ƙota ka ja ta baya. In bindigar irin wadda bututunta bai kamata ya taɓa katako ba ce, takardar za ta wuce sumul. In ta maƙale, katako na dannar ƙarfe, kuma duk ranar da katakon ya sha laima saitinka zai kauce. Duba da'irar bakin bututun da kyau, musamman in ta hannu ce: 'yar lotsawa a nan tana sa iskar albarushi ta fita ta gefe ɗaya ta karkatar da harsashi.

CZ 457 ta ƙasar Cek, Tikka T1x ta Finlan, Savage Mark II da Ruger American Rimfire na kamfanonin Amurka, kowace cikinsu za ta daɗe tana fin ka iya harbi. Bergara B-14R ta Sifen ta fi su nauyi, an yi ta ne da girman babbar bindiga. Anschütz ta Jamus ta 'yan gasa ce, a bar ta sai hannu ya faɗa. A ganinmu, gara matsakaiciyar bindiga da ragowar kuɗin madubin saiti da harsashi mai yawa, da mai tsada da za ka riƙa ƙirga mata harsashi.

Tambaya: Salam. Sabuwar bindigata ramukanta na warwatse kamar an watsa tsaba, alhali na saya mata harsashi mafi gudu. Ko matsalar kamfani ce?

Amsa: Malama, da wuya. Gudun ne ya cuce ki. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Harsashi mai saurin gaske yana fita a wajen mita 380, kafin ya kai takarda sai gudunsa ya sauko ya ratsa iyakar sauti, a nan yake ɗan girgiza. Na gasa, mai nauyin kusan giram 2.6, yana fita ne a mita 320 zuwa 330, tun farko ƙasa da sauti yake, bai da wannan tangarɗar.

Kuma kowace rimfaya da harsashin da take so, ko da ƙira ɗaya ce. Ki samo iri huɗu, misali CCI Standard Velocity, SK Standard Plus, Lapua Center-X da wani na Eley. Ɗora bindigar a kan jakar yashi gaba da baya, ranar da ba iska. Duk lokacin da kika canza iri, ki fara zubar da harbi 10 zuwa 15 a gefe, domin kowane kamfani da irin man da yake shafa wa darma, sai bututun ya ɗauki sabon man sannan yake nutsuwa. Daga nan ki yi harbi biyar-biyar sau biyar, ki auna faɗin kowane taron ramuka biyar, ki ɗauki matsakaici. Taro ɗaya mai kyau sa'a ce kawai. Wanda ya ci, ki duba lambar rukunin da ke jikin kwalinsa ki sayi irinsa da yawa, don rukuni da rukuni ma suna bambanta.

Kafin duk wannan, duba kusoshin da suka haɗa ƙarfe da ƙota, da na zoben madubi. Kusa ɗaya mai sako-sako ta isa ta ɓata komai. A ɗaure su daidai ƙarfin da littafin kamfani ya faɗa, ba iya ƙarfin hannu ba. Kada ki raina iska ma: mai gudun kilomita 16 a awa daga gefe tana ture harsashin wajen santimita biyu da rabi a mita 50, da'irar maki goma kuwa a takardar gasa faɗinta milimita 10.4 ne kacal.

Tambaya: Ina da madubin saiti na babbar bindiga. Zan iya ɗora shi a kan .22?

Amsa: Zai hau, amma gwada wannan. Kafa bindigar ta tsaya cik tana kallon takarda a mita 50, ka leƙa, ka ɗan motsa kanka ba tare da ka taɓa ta ba. In gicciyen saitin yana yawo a kan takardar, madubin an daidaita shi ne don mita 90 ko fiye, kuma duk sanda ka canza zaman kumatu rami zai canza wuri. Nemi mai maɓallin gyara wannan, wanda ke saukowa har mita 25 ko ƙasa. Lura da mazauni kuma: yawancin rimfaya na Turai siririn layi ne mai milimita 11, zoben babbar bindiga ba ya kama shi. In za ka kai mita 100, harsashin da aka saita a 50 zai faɗi kusan santimita 20.

Tambaya: Da gaske ne danna kunama babu harsashi yana lalata rimfaya?

Amsa: A yawancinsu, e. Allurar tana dukan gefe ne, in babu kwanso sai ta daki ƙarfen bakin mazaunin harsashi. A hankali wurin ya lotsa, kwanso ya fara maƙalewa, ko allurar ta karye. Wasu sababbin ƙira an tsare wannan, littafin bindigar zai faɗa. In bai faɗa ba, saka harsashin roba na atisaye, ka riƙa juya shi don kada duka ya taru a wuri ɗaya. In kuma harsashi na gaske ne ya ƙi tashi, bar bakin bindiga yana kallon takarda, ƙirga daƙiƙa 30, sannan ka buɗe sakatar.