Tambayoyin Masu Karatu: Shekaruna 43, Ina da Gurbi a Fim?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Funtuwa, shekaruna 43, kuma tun ina sakandare nake wasan kwaikwayo a ƙungiyar unguwarmu, inda aka fi ba ni matsayin mai unguwa ko maigida marowaci. Sau biyu ina zuwa Kano neman shiga fim. A zuwan farko an sa ni cikin 'yan ɗaurin aure, ban furta ko kalma ɗaya ba. A na biyu wani ya karɓi kuɗina da sunan rajista, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba. Abokina ya ce in haƙura, tunda ba ni da ƙuruciya ko fuskar jarumi, kuma ban iya rawa ba. Shin akwai gurbi ga irina, kuma ta ina zan fara? Ina ma tunanin ajiye koyarwa in tare a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, domin da wuya wani furodusa ya ɗora fim ɗinsa na soyayya a kanka. Sai dai jarumi da jaruma mutum biyu ne kacal, alhali kowane labari yana buƙatar uba da kawu, da surukar da ta hana gida zama lafiya, da liman, da boka, da dillaliya, da mai gadin da ya san sirrin gidan fiye da maigidan. Wannan layi shi ne naka, kuma a ganina ya fi jarumta daɗewa a hannun mai shi, saboda furfurar da ke kawar da jarumi daga gaban kyamara ita ce ke ƙara wa mai fitowa uba kwarjini.

Layin ya ma girmi Kannywood. Tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin Kannywood, a 1990, mutanen da suka riƙe wasan kwaikwayon rediyo da talabijin a Kaduna irinka ne, kamar marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja. Ka lura da na biyun da kyau. Soja ne na gaske kafin ya shahara da wasan soja, kuma Hausar bariki da tsawar da ya riƙa yi wa kurata ya kwaso su ne daga rayuwar da ya yi. To, kai ma kana da taka barikin. Ka san yadda hedimasta ke gyara murya idan sufeto ya shigo, ka san uban da ke zuwa makaranta da faɗa don an daki ɗansa, ka san malamin da albashinsa ya ƙare tun goma ga wata amma rigarsa na shan guga. Saurayi ɗan shekara 25 ba zai iya kwaikwayon waɗannan yadda za ka yi ba, don haka ka fara daga nan.

Ka kuma zo a kan gaɓa. A zamanin kaset da faifan CD, lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke yanke wa fim hukunci, fuskar da ke jikin fosta ce ke sayar da shi, kawu kuwa fitowa uku ko huɗu yake samu a sallame shi. Da kasuwar faifai ta mutu, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan furodusoshi suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, sai lissafin ya sauya. Shirin da zai shekara yana tafiya mako bayan mako ba zai rayu da masoya biyu ba, dole ya tara gari guda na mutane. Shirin Daɗin Kowa na Arewa24 ya isa misali, domin da yawa daga cikin 'yan wasansa ba a san su ba kafin shirin, yau kuwa da sunayen da suke fitowa da su ake kiransu a titi.

Game da ƙofar shiga, abin da ya same ka a zuwa na biyu ya samu mutane da yawa, kuma ƙa'idar a fili take: wanda zai sa ka a fim shi ne zai biya ka. Rajista ta gaskiya tana hannun Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ƙungiyoyin masu sana'ar irin su MOPPAN. Ka je ofishinsu da ƙafarka, ka biya abin da suka ƙayyade, ka karɓi rasit. Bayan haka ka sa a ɗauke ka da waya, minti biyu kacal, a wuri mai haske marar hayaniya, ka fito a mutum biyu da ba su yi kama da juna ba. Wannan hoton ya fi kwana goma na zaman jira a ofisoshin Titin Gidan Zoo amfani, domin shi za ka tura wa mataimakin darakta da furodokshan manaja, waɗanda a yawancin kamfanoni su ne ke tuna wanda za a kira idan an rasa mai fitowa hakimi ana saura kwana biyu fita lokeshan. Harkar tana tafiya ne a kan sanayya da ubangida, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma sanayyar da ta fi ƙarko ita ce ta wanda ya ga aikinka.

Idan an kira ka, abu na farko da za ka yaƙa shi ne ɗabi'ar dandamali. A filin unguwa kana ɗaga murya da buɗe hannu don na bayan taro ya gan ka, kyamara kuwa tana kama ko motsin gira, kuma mai yawan ihu yana gajiyar da ita. Ka haddace maganarka tun daga gida, ka saurari abokin wasanka maimakon jiran ya gama, ka tuna hular da ka sa da hannun da ka riƙe carbi, saboda ana iya ɗaukar ragowar fitowar bayan kwanaki. Kada ka wanke Katsinancinka don ka yi kama da Kanawa, jari ne. Ka tanadi manyan riguna biyu ko uku da rawani, tunda sau da yawa ɗan wasa ne ke zuwa da suturarsa. Jira kuwa sai haƙuri, za a iya kiranka da hantsi a ɗauke ka bayan isha'i.

Za su so su ɗaure ka a matsayi ɗaya, kuma shawarata ka yarda da hakan a farko. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a Afrilun 2024, da fitowar mafaɗaciyar mace ta gina sunanta, har ya zama da marubuci ya rubuta irin wannan matar an san wadda za a kira. Abin yana da tsadarsa, domin wasu masu kallo ba sa raba ɗan wasa da halin da ya fito da shi, kai kuma malami ne mai ɗalibai da iyayen ɗalibai. Ka auna wannan kafin ka karɓi matsayin boka ko ɗan giya. Idan ka kafu, sai ka fara roƙon daraktocin da suka yarda da kai su gwada ka a wani hali dabam.

Batun ajiye aiki kuwa, Malam, ban goyi bayansa ba ko kaɗan. A 2022 dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai ƙalilan ake sallamarta da su a fim bayan shekaru masu yawa tana sana'ar. Wasu furodusoshi sun musanta, aka yi ta cece-kuce, amma muhawarar ta fito da abin da kowa a harkar ya sani, cewa kuɗin masu fitowa iyaye ba ya zuwa a kai a kai kuma babu fansho a bayansa. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma sai da ya yi shekaru yana aikin gidan yari kafin fim ya riƙe shi. Funtuwa zuwa Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce, kana da Asabar da Lahadi, kana da dogon hutun ƙarshen shekarar karatu. Ka sanar da masu kiranka ranakun da kake samuwa, kuma kafin ka hau mota ku yi magana a fili kan abin da za a ba ka, ko a kan kowace fitowa ne ko a kan yini, da wanda zai ɗauki kuɗin mota da masauki.