Takardar farashi daga Sin ta isa yarjejeniya?

Alhaji, ka tambaya ko takardar farashin da masana'antar da ke birnin Guangzhou na Sin ta turo maka ta isa yarjejeniya. Ba ta isa ba. A rubuta kwangila da Sinanci, a buga mata jan hatimin kamfanin, domin a can hatimi shi ke ɗaure kamfani. Ka nemi lasisinsu, ka tabbata sunan asusun banki ya zo daidai da na lasisin. Nan aka fi cutar mutane: kuɗi ya tafi asusun wani dabam a Hong Kong, kamfani ya ce bai gani ba. Ka ba da kashi 30 tukuna, sauran bayan an duba kaya. Ku rubuta tun farko a kwangilar cewa in rikici ya taso, CIETAC, wato hukumar sasanta rikicin kasuwanci ta Sin, ce za ta yanke; hukuncin kotun Najeriya da wuya a zartar da shi a Sin.