Wace ƙaramar jaka zan saya wa kyamarata da sidi 300?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina Aboabo nan Kumasi, ina ɗaukar hoton suna da aure. Shekara guda na yi ina tara kuɗi kafin na sayi Canon 2000D da lens 18-55 da 50mm da filashi ɗaya. Kullum ina cikin trotro, motar haya, da pragya, keke mai ƙafa uku, jiya an matse ni a Kejetia har murfin lens ya tsage, wallahi gabana ya faɗi. Sidi 300 ya rage min, wace jaka zan saya? Abokina ya ce in nemi wadda ruwa ba ya shiga, in zuba shinkafa da kafur a ciki, in zuge in jefa wadrob, wai shi kenan.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kayanka ba su da yawa, jakar rataya mai cin lita 5 zuwa 6 ta ishe ka, kyamara da 18-55 a jikinta ta shiga kai ƙasa, 50mm gefe ɗaya, filashi ɗaya gefen. Kar ka saya da ido, tafi da kayan Adum ko wajen masu gwanjo ka saka su ka girgiza, in ka ji suna karo da juna ajiye ta. Matsa gindin da yatsa, in ka taɓo tafin hannunka ta ɗaya gefen soson ya mutu. Ja zif sau goma, duba ɗinkin inda igiya ta kama jiki don nan ne take fara cin amana. Jakar kamfanin Lowepro ko Vanguard ta gwanjo ta fi sabuwar jabu mai sheƙi. Ni ma abin da na fi so shi ne ka sayi soson ciki kaɗai mai shingaye ka zura a tsohuwar jakar makaranta, ɓarawo ba ya kallonta sau biyu. A trotro kuwa kan cinyarka, kar ka ba mate, wato yaron mota, ya sa a but.

To yanzu maganar abokinka, nan ne raina yake ɓaci, don kusan kullum sai an kawo min lens da wannan shawarar ta kashe. Jaka ta tafiya ce, ba ɗakin kwanan kyamara ba ce. Kumasi gari ne mai laima, damina biyu muke yi, daga Afrilu zuwa Yuli sannan Satumba zuwa Nuwamba, ka dawo daga wajen aure da gumi a igiya da danshi a soso, ka zuge zif ka tura cikin duhun wadrob, jakar da ruwa ba ya shiga ai shi ma ba ya fita. Duhu da ɗumi da iskar da ba ta motsi, abin da fumfuna ke nema kenan. Wata rana ka haska tocin waya ta bayan lens sai ka ga fararen zare kamar saƙar gizo-gizo a ciki, in ta daɗe tana cin fentin da ke kan gilashin ne, ko an goge tabon yana nan, hotonka ya riƙa fita da hazo kamar an ɗauka da hunturu. Jakar fata ta fi muni, ita kanta fumfuna take yi.

Shinkafa kuma don Allah a bar mana ita a tukunya. Laimar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, sai garinta da ke shiga zoben zum, ga ƙwari. Kafur ya fi ta sharri, kyankyaso yake kora ba danshi ba, tururinsa kuma yana taɓa roba, littafin kyamarar Nikon ma ƙarara ya hana ajiye kyamara tare da shi. Sannan in ta lalace a kai wa mai gyaran waya a bakin titi, ya buɗe da sukudireban da bai dace ba, ya goge da sipirit da gefen riga, ya mayar da gilashi a karkace, fokos ya tafi har abada. Wani yaro ya kawo min 50mm da aka yi wa haka, da shatin yatsa a cikin gilashin, yana ta roƙona in yi wani abu, ban iya ba, abin ya tsaya min a rai har yau.

Don haka raba kuɗin nan biyu. Kaso babba jaka, ragowar ka sayi roba mai haske mai murfi da ke kamawa gam, da silika jel, ƙwayoyin da ke shan laima, mai canza launi, na lemu yana komawa kore in ya ƙoshi sai ka gasa shi a wuta kaɗan-kaɗan ya dawo, da ɗan agogon auna laima, ka riƙe ta tsakanin kashi 40 zuwa 50. Ƙananan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin takalmi sun riga sun sha sun ƙoshi, kar ka dogara da su. Da ka dawo aiki fito da komai, goge da busasshen ƙyalle, cire batir, sa a robar, jakar kuma ka bar bakinta a buɗe inda iska ke kaɗawa. Murfin da ya tsage 58mm ne in na 18-55 ne, ka sayi sabo tun kafin aikinka na gaba.