Dodon koɗi guda ɗaya zai iya cika tanki?

Malam, kana tambaya ko dodon koɗi ɗaya tal da ya shigo tankin kifinka cikin ciyawar da ka ɗebo a kogin Kaduna zai iya hayayyafa shi kaɗai. Ƙwarai kuwa, zai iya. Ƙananan dodon koɗin rafi irin su Bulinus da Physa, kowannensu namiji ne kuma mace, don haka in bai samu abokin barbara ba, da kansa yake yi wa ƙwansa. Wataƙila ma ya riga ya sadu da wani tun a kogi, domin suna adana maniyyi na makonni suna ta saka ƙwai da shi.

Ni ma na sha fama da su a tankina da ke Kawo. Tsince manyan bai wadatar ba, sai ka duba ƙarƙashin ganye da jikin bango, za ka ga wani abu mai yauƙi, garai-garai, da ɗigo-ɗigo a ciki. Ƙwan ke nan, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu yake ƙyanƙyashewa, don haka ka riƙa kankare shi duk mako. Don Allah ka sa safar roba, kar yara su tsoma hannu, domin Bulinus ne ke ɗaukar ƙwayar cutar tsargiya mai sa fitsarin jini.