Me ya kayar da ILLIAC IV?

Malam, ka tambayi abin da ya sa kwamfutocin farko masu raba aiki tsakanin na'urorin lissafi da yawa suka gaza, da kuma ko adana su don tarihi yana da amfani. ILLIAC IV, wadda Daniel Slotnick ya tsara a Jami'ar Illinois ta Amurka, misali ce mai kyau. An yi niyyar saka mata na'urorin lissafi 256, amma 64 kawai aka gina, kuɗinta kuma ya tashi daga kimanin dala miliyan 8 zuwa miliyan 31. Ba ta fara aiki sosai ba sai a 1975 a cibiyar Ames ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, shekara guda kafin Cray-1, wata kwamfuta mai tsananin sauri, ta fito.

A ganina, babbar matsalar tana wajen rubuta mata manhaja, domin dukkan na'urorin suna bin umarni ɗaya a lokaci ɗaya, saboda haka duk lissafin da ba ya rarrabuwa sai ya bar yawancinsu zaune babu aiki. Gene Amdahl, masanin ƙera kwamfuta, ya yi gargaɗin haka tun 1967.

Adana ta kuwa ya dace, domin katunan hoto na yau, wato sassan kwamfuta masu sarrafa hotuna, suna bin kusan wannan tsarin. Wasu sassanta suna gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a Kalifoniya.