Amsa ga 'yar uwar da ke son komawa karatu daga Gezawa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce shekararki 33, yara huɗu, kin samu gurbin NCE, wato karatun takardar shaidar malanta, a Kano ke kuma kina aure a Gezawa, maigida ya amince amma kina tsoron yadda za ki haɗa lakca da girki da yara da hanya, har kina tunanin ki bari sai yaran sun ƙara tasawa. Toh ni dai shawarata kar ki bari, ki je ki yi rijistarki. Amma kafin ki biya ko sisi akwai maganar da za ki gama da ita a cikin gida. Ni daga Wudil na yi tawa NCE ɗin da goyo a baya, kuma matan da muka fara tare suka ajiye a hanya wallahi ba don kansu ba ya ja ba ne, wasu sun fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, abin da ya kayar da su sun shiga makaranta amma aikin gida yana nan a kansu yadda yake tun da can, ba a rage musu komai ba.

Kin ga wannan "na amince" da maigida ya ce, Allah ya saka masa da alheri, amma ba ta isa ba. Namiji zai amince da zuciya ɗaya alhali a ransa yana ganin za ki fita takwas ki dawo azahar ya tarar da abinci da zafinsa. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi ki ɗauko jadawalin lakca ki nuna masa, ki ce Abban wane ga ranakun da zan kai magariba a hanya, wa zai ɗauko yara daga Islamiyya, kuɗin mota daga ina zai riƙa fitowa, ranar da aka sa mana tes da ƙarfe takwas za ka iya haƙuri da ɗumame? A yi maganar dalla-dalla tun yanzu da rai bai ɓaci ba. In kina da abokiyar zama kuma kuna zaman lafiya ki roƙe ta ku daidaita ranakun girki da ranakun da ba ki da lakca da yawa, ke ma ki riƙa rama mata in tata ta taso. Uwar miji ma kar ki bari ta ji a bakin mutane, ki je da kanki ki durƙusa ki ce Hajiya a sa min albarka zan koma makaranta. Ranar da aka fara cewa matar wane kullum tana kan titi, ita ce za ta tsaya miki.

Sai girki, wanda shi ne ya fi cin mata rai. Ni abin da ya cece ni miyar mako. Ke ma kin yi sa'a hanyarki ta 'Yankaba take bi, in kin taso ranar da kike da ɗan kuɗi ki sauka ki sayi tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da ɗan yawa, can ya fi sauƙi kan na mai tebur a unguwa. Ki kai markaɗe, ki zuba a babbar tukunya ba tare da kin ƙara ruwa ba, ki bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ya koma kirtif, sannan ki soya shi da mai sosai har man ya taso sama ya rufe shi. Wannan ko babu firiza zai yi miki kwanaki in dai kina ɗumama shi safe da dare kuma ba a sa masa jiƙaƙƙen cokali, don wutar NEPA ba abin dogaro ba ce balle lokacin zafi. Daga cikinsa za ki ɗebi na jalof, ki ɗebi na miyar taliya, ki ɗebi na miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, minti kaɗan kin sauke. Daddawa da yaji da garin kuka da garin ɗanwake duk ki daka ki ajiye a robobi ranar Lahadi. Wake ki tsince shi ki jiƙa tun dare, da asuba ba zai ci miki gas ba. Tuwon dare kuwa ki riƙa tuƙa shi da yawa da gangan saboda ɗumamen safe, yara su ci su ƙoshi su tafi, na rana ki zuba a kula ki rufe.

Kuma dan Allah ki sa yaran aiki. 'Yar shekara goma tana iya wanke-wanke da shara, namiji ma yana iya ɗebo ruwa ya wanke yunifom ɗinsa, ba zalunci ba ne, tarbiyya ce. Gas ne kawai ban yarda a bar wa yaro ba in babu babba a gidan.

Hanya kuma sai kin yi mata lissafi na gaske. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama shi ne babban kuɗin makarantar, ya fi rijista in kika tara na shekara, don haka ki lissafa mota zuwa da dawowa, ki haɗa da adaidaita sahu daga inda za a sauke ki zuwa ƙofar makaranta, ki ninka da ranakun wata ki ga abin da ya kama, shi za ki kai wa maigida ba ƙiyasi ba. Ki fita da wuri, wadda ta fito bayan sallar asuba da wadda ta tsaya sai bakwai da rabi ba hanya ɗaya suka bi ba, ta biyun za ta tarar da cunkoson 'yan makaranta da ma'aikata. Mu a Wudil ranar Juma'a ce matsalarmu saboda kasuwa, motocin shanu sun cika gada, in ba ki yi sammako ba kin makara kin gama. Ke ma ki lura da ranakun kasuwannin hanyarku. Sannan ki nemi 'yar uwa ko ƙawar arziki a cikin gari wadda za ki riƙa kwana wurinta lokacin jarrabawa, da iznin maigida tun yanzu, saboda pepar ƙarfe takwas ba ta jiran wadda motarsu ta lalace a Tokarawa.

A jakarki kar a rasa ruwa, ɗan abinci a ƙaramin fulas, cajar waya, da hijabin canji in kina da goyo. Sayen abinci a makaranta kullum yana cinye kuɗi ba ki ankara ba.

Karatun kansa, abin da nake so ki riƙe shi ne a NCE maki 40 na tes da asaimen ne, jarrabawa 60, kuma ƙa'ida sai kin halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin ki zauna jarrabawa. Mu masu gida a wannan 40 ɗin muke tsira, don ba mu da lokacin kwana karatu kamar 'yan mata, saboda haka kar ki yi wasa da tes ko asaimen komai ƙanƙantarsa. Ki shiga guruf ɗin WhatsApp na ajinku tun ranar farko, ki riƙe lambar kilas ref, wato wakilin aji, ki samu yarinya ɗaya mai hankali da za ta kira ki in an sa tes ba shiri ko an ɗage lakca, kar ki kashe kuɗin mota a banza. Za ki zauna aji da sa'o'in ƙannenki, wasu ma kin kusa haifarsu, za su riƙa ce miki Anti ko Mama, ki karɓa hannu biyu, in ba ki gane abu ba ki tambaye su ba kunya. Akwai malamin da ya taɓa ce min in fita da jaririyata don ta yi kuka a aji, na fita na tsaya jikin taga ina jijjiga ta ina rubutu a kan gwiwata har aka tashi, na yi kuka a ranar ba kaɗan ba, amma washegari na nemo wata dattijuwa kusa da makarantar da take riƙe min ita ina biyanta a wata, tsakanin lakca in ruga in ba ta nono in dawo. In kina da mai shan nono ki nemi irin wannan tun kafin a fara.

Lokacin karatu kuma kar ki ce sai dare bayan kin gama komai, a lokacin kin gaji, layi biyu za ki karanta barci ya kwashe ki. Ni kafin asuba nake tashi gida shiru, in yi abin da ya samu, sauran kuma a mota, handawut a hannu ko hotonsa a waya.

In kika duba duk wannan kika ga zuwa kullum ba zai yiwu ba, har yanzu ba a rufe ƙofa ba. Akwai NCE ta NTI, wato Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, da ake yi a ƙarshen mako a cibiyoyinsu, akwai fat-tayim a kwalejoji, ya fi daɗewa amma takardar za ki samu. Kuma in Allah ya kai ki shekarar TP, wato gwajin koyarwa, ki nemi a tura ki makarantar da ke cikin Gezawa ko kusa, ki fara bibiyar maganar da wuri kafin a kafe sunaye. Ki faɗa min kwas ɗin da aka ba ki, in Hausa ne ko Islamic Studies ina da tsofaffin handawut na shekarar farko a ajiye, sai mu san yadda za su iso gare ki. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a ciki.